Ɗaukar Hoton Kaya: Darasin Da Ƙwaryar Adamawa Ke Koya Wa 'Yan Kasuwar Jimeta

A unguwar Gwadabawa ta Jimeta, kamar Limawa da Alƙalawa da Luggere da sauran unguwannin garin, ciniki mai yawa ya bar rumfar kasuwa ya koma cikin wayar hannu. Matar aure tana cikin ɗakinta za ta haɗa turaren wuta ko humra, ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp. Tela ya gama ɗinki ya ɗauka ya aika wa mai kaya. Mai kilishi da mai hula da dillaliyar kayan ɗaki, duk hanyar da suke bi ke nan. Mai saye kuwa yana iya kasancewa a Mubi ko Gombe, ko Garwa ta ƙasar Kamaru, bai taɓa kayan ba, bai sunsuna ba, bai ɗaga ya ji nauyinsu ba. Abin da ke tsakaninsa da kuɗinsa hoto ne kurum.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Sau da yawa kaya masu kyau sukan fito a hoto kamar kwantai, don an ɗauke su cikin duhu, ko a tsakiyar rana, ko a kan tabarmar da adonta ya danne nasu. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu, watau kayan da ba su kai ba su fito kamar na gidan sarki, sai sun isa hannun mai saye a shiga rigima, ya ce ba launin da ya gani ke nan ba. Na farko ya yi hasarar ciniki, na biyu ya yi hasarar amana, kuma dukansu biyu abu guda ne ya kā da su: rashin sanin yadda haske ke sauka a kan abu, da yadda ake jera shi gaban kyamara.

Wannan kuwa fanni ne mai zaman kansa cikin sana'ar ɗaukar hoto, wanda ake koyarwa a makarantu, watau ɗaukar hoton abubuwan da ba su motsi. Bambancinsa da hoton biki ko na labarai shi ne, a nan babu abin da zai faru sai wanda mai hoto ya shirya. Ƙwarya ba ta murmushi, ba ta juya fuska. Duk abin da ya fito, mai kyau ko maras kyau, aikin hannun mai ɗauka ne.

ASALIN FANNIN

Ilmin da kyamara ta ginu a kansa tsoho ne. Shaihin malamin nan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga jikin abu ya shiga ido. Ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar kafa a bango, inda surar abin da ke waje take faɗuwa a ciki. Abin da ya rage shi ne hanyar da za a kama wannan sura ta zauna, wannan kuwa sai a ƙarni na 19 aka same ta a Faransa da Ingila.

Da aka samu, kayan da ba su motsi su ne suka fara amfana. Dalili kuwa shi ne kyamarorin farko sukan buƙaci mintoci masu yawa a buɗe kafin hoto ya kama, ɗan Adam kuwa ba ya iya zama haka ba tare da ya motsa ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan Louis Daguerre da suka saura, na shekarar 1837, hoton wasu sassaƙe-sassaƙe ne da tarkacen ɗaki da ya jera kusa da taga, haske yana shigo musu ta gefe.

A Ingila kuma William Henry Fox Talbot ya fitar da littafinsa mai suna The Pencil of Nature kashi-kashi tsakanin 1844 da 1846. A ciki akwai hoton tangaran jere a kan kanta, da na kayan gilashi, da na 'ya'yan itace cikin kwanduna. Talbot ya lura da wani abu da har yau bai tsufa ba: idan ɓarawo ya sace waɗannan kaya, hoton nan yana iya tsayawa shaida a gaban alƙali. Ashe tun ran farko an san hoton kaya yana da fuska biyu, ta ado da ta shaida.

Wani misali da malaman hoto ke yawan kawowa shi ne na Edward Weston, Ba'amurke, wanda cikin 1930 ya ɗauki hoton tattasai ƙwaya ɗaya tak. Ya sa shi ne cikin bakin wani mazurari na gwangwani, jikin mazurarin ya riƙa mayar da haske yana zagaye tattasan, har kowane lanƙwasa nasa ya fito. Hoton nan yana cikin manyan gidajen adana zane na duniya. Kayan aikinsa kuwa, ban da kyamara, babu wanda ba a samu a madafin kowane gida a Jimeta.

ƘWARYAR ADAMAWA

Ba sai an je Turai ba kafin a ga muhimmancin wannan aiki. Ƙasar Adamawa ta shahara da zanen ƙwarya, wadda Fulani ke kira tummude. Matan Fulani na gida da na daji, da Bata, da Yungur, da Ga'anda da maƙwabtansu, kowace al'umma tana da irin zanenta da ake gane ta da shi. Wasu da wuƙa mai zafi suke ƙona zanen a bayan ƙwaryar. Wasu sukan tsaga shi da tsinin ƙarfe, sa'an nan su shafa baƙi ya shiga cikin tsagar. Wasu kuma kankare bayan suke yi su bar zanen ya taso, su cike gurbin da farar ƙasa.

Wani Bature mai bincike, T. J. H. Chappel, ya tara irin waɗannan ƙorai a lardin Adamawa cikin shekarun 1960 domin gidan tarihi na Nijeriya, ya kuma buga littafi a kansu cikin 1977, mai suna Decorated Gourds in North-Eastern Nigeria. Cikin 1986 wasu mata biyu, Marla Berns da Barbara Rubin Hudson, suka fitar da nasu, The Essential Gourd, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis. Tun a wancan zamani kwanon sha na ƙarfe da roba sun fara ture ƙwarya daga ɗakunan mata, ita kuwa ƙwarya ba ta da tsawon rai, ko ta fashe ko gara ta ci. Saboda haka da yawa daga cikin zane-zanen nan, hanyar da jikokin masu yin su za su gan su a yau ita ce hoto.

Duk wanda aka ba aikin ɗaukar hoton irin wannan ƙwarya zai koyi darasin farko na haske nan take. Idan ya tsaya gabanta ya kunna walƙiyar kyamara, haske zai tafi kai tsaye ya cika kowace tsaga, ya dawo ta hanyar da ya bi. Sakamakon shi ne farin tabo a tsakiya, zanen kuma ya kwanta kamar an shafa shi da alli. Amma idan ya kashe walƙiyar, ya ajiye ƙwaryar yadda haske zai zo mata ta gefe, ƙasa-ƙasa, kamar yadda rana ke shafar kunyoyin gona da sassafe, sai kowace tsaga ta sami 'yar inuwarta. Inuwar nan ita ce ke gaya wa ido cewa nan rami ne, nan tudu ne. Haske yana nuna launi, inuwa ce ke nuna siffa. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ga surfanin babbar riga, da saƙar faifai, da yajin da ke jikin kilishi, da ɗinkin hular zanna.

RANAR YOLA

Yola tana kan digiri 9 da 'yan kai arewa da tsakiyar duniya, don haka rana takan hau sosai da tsakar rana a duk shekara, har ma a tsakiyar watan Afrilu da ƙarshen Agusta takan tsaya daidai bisa kai. Wannan haske shi ne mafi muni ga hoton kaya. Yana ƙone saman abu ya yi fari fat, ya bar ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, kyamara kuwa ba ta da ƙarfin idon mutum wajen ganin wuri mai haske da mai duhu a lokaci guda. Lokacin da ya dace a waje shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar.

Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne a shiga inuwa. Bakin ƙofar zaure, ko gefen taga, ko ƙarƙashin rumfa inda rana ba ta faɗowa kai tsaye, nan ne ɗakin hoton talaka. Hikimar ita ce, gwargwadon faɗin wurin da haske ke fitowa, gwargwadon taushin inuwarsa. Tocila ƙarama ce, inuwarta mai kaifi ce. Taga mai faɗi kuwa tana aiko haske ta kusurwoyi da yawa, sai inuwa ta narke a hankali. Idan rana ta shigo tagar, a rataya farin mayafi mai shara-shara, shi ke nan ta zama irin fitilar da manyan masu hoto ke saye da tsada. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan yi wannan aiki kyauta, domin yana baza hasken rana ko'ina. Sai dai yakan sa launi ya koɗe, ƙurarsa kuma takan hau gilashin kyamara, don haka tilas a riƙa goge shi da tattausan ƙyalle kafin kowane ɗauka.

Gefen da ba ya fuskantar taga zai yi duhu. Maganinsa ba ƙara fitila ba ne. A sami farar takarda ko farin kwali ko zanen gado, a tsayar da shi a wancan gefe, ya mayar da hasken tagar kan kayan. In an matso da shi inuwa ta ragu, in an janye ta ƙaru. Da wannan kaɗai mai hoto yake auna yawan inuwar da yake so.

Wanda ya ga dole ya yi aiki da dare da fitila, akwai lissafin da ya kamata ya riƙe. Idan aka ninka nisan fitila daga kaya, hasken ba rabi yake komawa ba, kashi 1 cikin 4 yake komawa. Fitilar da ke nisan mita 1, in ta koma mita 2 saura rubu'i, in ta koma mita 3 saura kashi 1 cikin 9. Shi ya sa idan aka jera kaya da yawa aka kafa fitila dab da su, na kusa yakan ƙone, na nesa ya nutse cikin duhu. A janye fitilar baya, haske zai daidaita a kansu duka.

Har ila yau kowane haske yana da launinsa, ko da ido bai lura ba. Hasken tsakar rana yana wajen 5,500 a ma'aunin Kelbin, tsohon ƙwan lantarki mai zare kuwa wajen 2,700, watau ja-ja ne. Ƙwayayen zamani wasu fari ne mai ɗaukar shuɗi, wasu rawaya. Kyamara tana iya gyara launin haske guda, amma in an haɗa mata taga da ƙwan ɗaki sai ta rikice, rabin shadda ya fito shuɗi, rabi rawaya. Yawancin rigimar launi tsakanin mai atamfa da mai saye daga nan take tasowa. Dokar ita ce haske iri ɗaya a hoto ɗaya: in za a yi da taga, a kashe ƙwai.

KAYA MASU ƘYALLI

Tasa da kwanon silba da kwalbar turare da sarƙar gwal suna da nasu hali. Abu mai ƙyalli madubi ne, kuma haske yana tashi daga madubi da irin kusurwar da ya sauka. Saboda haka wanda ya ɗauki hoton tasa, a gaskiya hoton abin da ke kewaye da ita ya ɗauka. Ga dalilin da ya sa ake ganin surar mai hoto da wayarsa, wani lokaci har da shanyar gida, a jikin kwanukan da ake talla. Dabara ita ce a kewaye kayan da farin ƙyalle kamar 'yar bukka, a bar kafar da kyamara za ta leƙa, domin ƙarfen ya ga fari ya nuna fari.

Kwalba kuwa ta bayanta ake haska ta. Idan aka sa humra ko zuma ko man shanu narkakke tsakanin taga da kyamara, haske ya ratsa ta ciki, sai launin ruwan da tsabtarsa su bayyana, abin da mai saye ke son gani ke nan.

Akwai kuma wani hali na kyamara da ya kamata a sani. Ma'aunin haskenta an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabanta toka-toka ne, tsaka-tsaki. In an cika mata ido da farar shadda sai ta rage haske, shaddar ta fito kamar ta sha wanki. In baƙin rawani ne mai bugu, irin na Kura, sai ta ƙara, ya fito a koɗe. Yawancin wayoyi suna da wurin gyara wannan: a taɓa kayan a fuskar wayar, a ja alamar rana sama ga farin kaya, ƙasa ga baƙi, har hoton ya yi daidai da abin da ido ke gani.

JERE

Rabi na biyu na aikin shi ne tsara kayan, wannan kuwa ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar nan. Matan da ke yi wa amarya jere sun daɗe da sanin cewa babbar tasa ƙasa take zama, ƙarama a sama, cewa ba a haɗa launuka biyu masu faɗa da juna, kuma akwai abu guda da ake so idon mai shigowa ya fara sauka a kansa. Bafulatanar da ke jera ƙoranta a ruga ita ma haka. Abin da ake bukata shi ne a ɗauko wannan ido a kawo shi gaban kyamara.

Tambayar farko ita ce, me ake son nunawa? In hula ce, to hula ce sarauniyar hoton, duk abin da aka ƙara baranta ne. Agogo da makullin mota da furen roba da ake zubawa a gefe ba su ƙara mata daraja, raba hankalin mai kallo suke yi. Shimfiɗa da bango su zama marasa ado, launinsu kuma ya bambanta da na kayan: ƙwarya mai ruwan ƙasa a kan baƙi ko shuɗin saƙi, kilishi a kan farar takarda ko faifai. Shahararren mai hoton nan na Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu cikin 2014, ya ɗauki hotunan kitso kusan 1,000 tun daga 1968, akasarinsu a gaban bango fili, sau da yawa ta ƙeya, domin kada ko fuskar mai kitson ta janye ido daga aikin makitsiya.

Idan kaya sun fi ɗaya, 3 ko 5 sun fi 2 ko 4 daɗin jerawa, a bambanta tsawonsu, wani ya ɗan shiga gaban wani domin a ji akwai gaba da baya. Akwai tsohuwar shawara ta masu zane, wadda wani Bature John Thomas Smith ya rubuta tun 1797, cewa a raba fili kashi 3, a ajiye muhimmin abu a kan ɗaya daga cikin layukan rabon maimakon tsakiya. Wayoyi da yawa suna iya nuna waɗannan layuka. Shawara ce mai amfani ga hoton ado, amma ga hoton talla na abu guda, tsakiya ba laifi ba ce. A dai bar wa kayan fili ta kowane gefe, kada a datse musu baki.

Tsayin kyamara ma abin lura ne. Abu mai faɗi, kamar faifai ko atamfa ko tiren abinci, daga sama ake ɗaukarsa. Abu mai tsawo, kamar tulu ko kwalba, daga daidai tsakiyar jikinsa. Ƙwarya kuwa tana son hoto biyu, ɗaya a kife daga sama domin zanen gindinta, ɗaya daga gefe domin na bakinta. Kuma kada a kai waya dab da kaya, domin gilashinta mai faɗin gani ne, yakan kumbura abin da ke kusa ya tsuke na nesa, har tulu ya fito da ƙaton baki da ɗan gindi. A ja baya, a jingina wayar da wani abu don kada hannu ya girgiza, sa'an nan a yanke hoton daga baya.

HOTO SHAIDA NE

Duk waɗannan dabaru wuƙa ce mai baki biyu. Hasken da ke fito da zanen ƙwarya, in an juya shi, yana iya ɓoye tsagar da ke jikinta. Wayoyin yau kuma suna ƙara wa launi ƙarfi da taɓawa ɗaya. Ɗan kasuwar da ya yi haka ya sani cinikin biri a sama ya yi da mai saye, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, domin ranar da kaya suka isa, ranar ce hoto zai fuskanci alƙalinsa. Addini ya hana ɓoye aibin haja, kuma hukuncin bai canja ba don an koma waya. Wanda ya nuna launi na gaskiya, ya nuna tabo in akwai, ya ajiye wani abu sananne a gefe don a gane girma, shi ne wanda za a sake nema.

Ga kayan tarihi kuwa maganar ta fi nauyi. Cikin 1997 aka fito da wani tsari na duniya mai suna Object ID, wanda majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ke kula da shi, domin taimaka wa 'yan sanda da jami'an kwastan gano kayan da aka sace. Matakinsa na farko shi ne a ɗauki hoton abu, gaba ɗaya da kuma kusa, a nuna rubutu ko tabo ko gyaran da ke jikinsa, a sa ma'auni a gefe. Jihar Adamawa ta san zafin wannan. Sukur, wurin farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya cikin 1999, ya sha harin 'yan Boko Haram cikin 2014, aka ƙone gidaje aka yi ɓarna. Abin da wuta ta ci ba ya dawowa, amma wanda aka riga aka ɗauki hotonsa da kyau ana iya saninsa, ana iya koyar da shi, wani lokaci har a sake yin irinsa.

Saboda haka akwai aiki a gaban jama'a da hukuma. Makarantun da ke koyar da aikin jarida da zane a Yola suna iya tura ɗalibansu unguwanni su koya wa mata da matasa masu sana'a wannan ilmi, wanda yini ɗaya ya isa a kama tushensa. Fadoji da gidajen tarihi su tabbata kowane abu da ke hannunsu yana da hoto mai kyau, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Magidanta kuma su dubi ɗakunan iyayensu mata: tsohuwar ƙwarya, da akushi, da taskira, da zanen saƙi da ke ƙasan adaka. A fito da su bakin ƙofa da hantsi, a shimfiɗa ƙyalle fili, a ɗauka, a kuma rubuta sunan wadda ta yi da garinsu tun masu sani suna raye. Allah ya sa a dace.